Auna Molekul Ba Tare da an Fasa Shi Ba

Masana fiziks suna neman sanin ko akwai ɓaraka a dokokin halitta da aka sani, kuma cikin wuraren da suke leƙawa har da molekul mai cajin lantarki, wato wani nau'in ayon. Zarrorin da ke jikinsa suna jujjuyawa suna karkarwa, saurin wannan motsi kuwa ya danganta da yadda furoton ya ninka ilektiron nauyi, kusan sau 1836. Sai dai yalwar motsin ita ce kuma cikas. Yanayin da molekul zai iya shiga yana da yawa ƙwarai, har hasken lesa ba ya iya sa shi ya yi ta ƙyalli a gane inda yake, kamar yadda ake yi wa zarra. Abin da aka daɗe ana yi shi ne a fasa shi da haske, a ƙirga ɓaraguzan.

A ganina makomar aikin tana ga dabarar da ba ta fasa komai. Rukunin David Wineland na cibiyar NIST a Amurka ne ya nuna ta a 2005: a sa ayon biyu a tarko ɗaya, su zama kamar awaki biyu a igiya guda, ɗaya ya motsa ɗaya ya ji. A 2016 rukunin Piet Schmidt a Jamus ya gwada ta a kan molekul na magnisiyam da haidirojin. Lesa ba ta tunkuɗa molekul ɗin sai yana cikin yanayin da ake nema, motsin ya ratsa zuwa ga maƙwabcinsa, a karanta amsar a jikin maƙwabcin. A 2020 masu bincike a Basel suka yi haka da naitirojin, daidaiton karatun ya haura kashi 99 cikin ɗari.

Mai ja zai ce molekul ɗaya tilo yana cin lokaci, kuma iyaka mafi tsauri kan yadda cajin ilektiron zai iya kauce wa siffar ƙwallo, wadda cibiyar JILA ta fitar a 2023, da ɗimbin ayon aka same ta, ana fasa su. Gaskiya ne, tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Amma taro yana zuwa da hayaniyarsa: ayon suna ture juna, kowanne kuma ƙarfin lantarkin da ke kansa daban. Guda ɗaya kuwa ana iya mayar da shi yanayin da ake so, a maimaita awo ba adadi. Agogon alminiyam na NIST ayon ɗaya yake aunawa da wannan dabara, kuma a 2019 kuskurensa ya gaza kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan. Inda tsabtar awo ta fi yawa muhimmanci, dabarar maƙwabci ce ta cancanci a zuba mata jari.