Wane Alƙur'ani mai fassara ya dace ɗan kasuwa ya saya?

Duk wanda fatauci ya kai shi Abijan ya san cewa daga Adjame zuwa kewayen babban masallacin Treichville ba a rasa masu shimfiɗa littattafan addini, musamman ranar Juma'a da watan azumi. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun bar makarantar allo tun suna samari, yanzu kuma suna son komawa ga karatu, amma sai su rasa wanda za su ɗauka.

Abu na farko shi ne ruwaya. Allunan ƙasar Hausa da Warshu aka saba rubuta su, alhali yawancin bugun Madina Hafsu ne. Duka biyun ingantattu ne, sai dai wanda ya tashi da Warshu zai ji bambanci a wasu kalmomi, don haka a duba bango kafin a biya.

Na biyu shi ne harshe. Tarjamar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wadda ta fito a 1979, tana da taƙaitaccen bayani a ƙasan shafi. Akwai kuma Ihsanul Mannan na Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya jagoranci Ƙadiriyya a Kano. Malaman biyu sun saɓa a wasu wurare, musamman ayoyin siffofin Allah. Ga yaran da suka yi boko da Faransanci kuwa, akwai fassarar Muhammad Hamidullah ta 1959.

Mai ɗan Larabci ya nemi Jalalaini, wanda malamanmu suka daɗe suna tafsirin azumi da shi. Ɗaya daga cikin mawallafansa, Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas. Na gida kuma shi ne Diya'ut Ta'wili na Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo.

Mai son tarihin mutanen da, irin su Adawa da Samudawa da Saba'awa, tafsirin Ibnu Kasir zai fi gamsar da shi. Kufan Hijr, da ake dangantawa da Samudawa, yana nan a Saudiyya, haka ma ragowar madatsar ruwan Ma'arib a Yaman.

A ƙarshe, a ƙirga shafuka, a duba ko rubutun ya fita sosai, domin arha ba ta ado. Kuma littafi ba ya maye gurbin malami: wanda ya saya, ya nemi gaban wanda zai durƙusa ya biya masa, ko da shafi ɗaya ne bayan sallar Asuba kafin a buɗe rumfa.