Mai Kare, Ka Yi Wa Karenka Allura

Jama'a, kare yana da amfani a ƙauye. Yana gadin gida da dare, yana bin mafarauta daji, yana korar birai daga gona. Amma akwai wani mugun ciwo da ya kan kawo mana, shi ne haukan kare.

Ƙwayar wannan ciwo tana cikin yawun mahaukacin kare. In ya ciji mutum, sai ta shiga jiki ta bakin raunin, ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Ta kan yi wata biyu ko uku ba a ga alama ba. Ran da alama ta fito, mutum ya fara tsoron ruwa, to, da wuya ƙwarai ya tashi. Ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin goma, wajen huɗu yara ne.

Wani likitan dabbobi na Ingila, sunansa Luke Gamble, ya ga dai daga kan kare ya kamata a fara maganin abin. A shekarar 2013 ya kafa ƙungiya mai suna Mission Rabies. Suka tafi Indiya, cikin wata guda suka yi wa karnuka fiye da 60,000 allura. Suka kuma bi makarantu suna koya wa yara yadda za su zauna lafiya da kare. Ga dabararsu: in an yi wa kare 7 cikin kowane 10 allura, ciwon ya kan rasa hanyar yaɗuwa, ya mutu a garin.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. A Vom, kusa da Jos, akwai ma'aikatar binciken ciwon dabbobi tun 1924, kuma ana haɗa allurar kare a can. Saura namu aikin:

1. In kwikwiyo ya yi wata 3, mu kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allura. Mu sake kowace shekara.
2. Mu ba kare abinci da ruwa a gida, don kada yunwa ta sa shi yawon juji.
3. Mu hana yara jifan kare ko taɓa shi yana cin abinci.
4. In kare ya ciji wani, a wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti ran nan. Kada a tsaya jiran alama.
5. A ɗaure karen da ya yi cizo kwana 10, malamin dabbobi ya duba shi.

Wanda ya ajiye kare ya ɗauki amana, ta karen da ta 'ya'yan maƙwabta. Rigakafi ya fi magani. In kun koma gida, ku karanta wa masu karnukan unguwarku wannan darasi. Allah ya kiyaye mu, amin.