Frank Williams: Direban da Ya Jagoranci Ƙungiyar Tsere Daga Keken Guragu

A ƙasashen Turai akwai tseren motoci da ake kira Formula 1, inda mota takan yi gudun fiye da kilomita 300 a awa. Direba ake yi wa tafi, amma a bayansa akwai ƙungiya mai ɗaruruwan ma'aikata masu ƙera motar da gyara ta. Yau za mu kawo wa masu karatu labarin mai irin wannan ƙungiya.

An haifi Frank Williams a Ingila a 1942. Tun yana yaro babu abin da ya fi so kamar mota. Ya shiga tsere a 1961, amma ba kuɗi, ga yawan haɗari. Da ya ga sitiyari ba rabonsa ba ne, sai ya kafa ƙungiyarsa a 1966, ya bar tuƙi ga waɗanda suka fi shi iyawa.

Farkon bai zo da sauƙi ba. A 1970 amininsa Piers Courage ya mutu cikin motar ƙungiyar a wani tsere a Holan. Bashi ya yi wa Frank katutu har aka yanke masa waya, ya koma yin ciniki daga rumfar wayar jama'a. A 1976 ƙungiyar ta koma hannun wani attajiri, Walter Wolf.

Amma faɗuwar gaba tashin baya. A 1977 ya haɗa kai da injiniya Patrick Head suka sake farawa a wani tsohon sito a garin Didcot. Frank yana neman kuɗi da direbobi, Head yana ƙera mota. A 1979 suka ci tserensu na farko a Silverstone, a 1980 kuma direbansu Alan Jones ya zama zakaran duniya.

Sai ga babbar jarrabawa. A watan Maris na 1986, yana hanzarin zuwa filin jirgin sama a kudancin Faransa, motar hayar da yake tuƙawa ta ƙwace ta kife. Ƙashin wuyansa ya karye. Mutumin da ya saba gudun motsa jiki bai ƙara taka ƙasa ba, hannuwansa ma suka shanye. Matarsa Virginia ta tsaya tsayin daka, ta sa aka dawo da shi asibiti a Landan, ta yi jinyarsa.

Ya koma bakin aiki a keken guragu. Ƙungiyar ta ci kofin masu ƙera motoci a 1986 da 1987. Daga 1980 zuwa 1997 ta ɗauki wannan kofi sau 9, na direbobi kuma sau 7, mafi yawa bayan haɗarin.

Duk da haka baƙin ciki bai rabu da shi ba. Ranar 1 ga Mayu 1994, shahararren direba Ayrton Senna na Brazil ya mutu bayan ya yi haɗari cikin motar Williams a Imola ta Italiya. Aka gurfanar da Frank gaban kotu kan mutuwar, aka wanke shi a 1997.

Daga baya nasara ta yi ƙaranci, kuɗi suka ja baya. 'Yarsa Claire ta riƙe ragamar aikin yau da kullum daga 2013, shekarar da mahaifiyarta ta rasu. A 2020 iyalin suka sayar da ƙungiyar, Frank kuma ya rasu a watan Nuwamba na 2021 yana da shekara 79.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda haɗarin mota ya zaunar, muka ɗauka tasu ta ƙare. Frank ya yi shekara 35 a keke, sai an ɗaga shi an kwantar, amma kansa da bakinsa suna aiki, kuma na kusa da shi ba su ƙwace masa kujerarsa ba. Motocin da ke ɗauke da sunansa suna kan fage har yau.