Ciki Ya Ƙulle: Wane Ganye Za Mu Sha?

A nan ƙasar Bagudo, daga bakin Kwara har iyakar Benin, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tsamiya a ƙwarya ba. Har gari guda muke da shi mai suna Tsamiya, a kan hanyar Segbana. Duk da haka, in rani ya yi, kukan da muke ji ke nan: "Kwana uku ban zagaya ba."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Muna yini cikin rana a fadamar shinkafa, gumi na zuba, ba mu shan isasshen ruwa. Abinci kuwa sai farar shinkafa, da garin rogo, da burodi. Hanji yana tsotse ruwan da ke cikin bayan gida, in ya daɗe a ciki sai ya bushe ya yi tauri.

Shan ganye ba rashin bangaskiya ba ne. Annabi Ishaya ma da ɓaure ya sa aka yi wa Sarki Hezekiya magani (2 Sarakuna 20:7). Amma sai mu bi abin daki-daki.

Mu fara da mai sauƙi. A jiƙa tsamiya a tafasasshen ruwa, a tace, a sha kofi guda da safe, ko a dama kunu da ita. A yawaita miyar kuka, da kuɓewa, da lalo, da kwaɗon zogale, da wake, da gwanda nunanniya. Waɗannan abinci ne, yara da masu ciki duk suna iya ci. A kuma riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba.

Filasko kuwa magani ne mai ƙarfi. Yana tilasta wa hanji motsi, yakan yi aiki bayan awa 6 zuwa 12, sau da yawa da murɗar ciki. Babban mutum ya sha kaɗan da dare, kada ya ƙara don bai ga aiki nan take ba, kada kuma ya wuce mako guda yana sha. Ban da mai ciki, ban da ƙaramin yaro. Ƙwayar zurma guba ce, kada a tauna ta. Jariri mai shan nono kaɗai yakan yi kwanaki bai yi kashi ba, lafiyarsa lau. Kada a ɗura masa jiƙo.

Ga abin da ya sa muka rubuta wannan. Mahaifin wani ɗan makarantarmu ya yi kwana biyu ana ba shi filasko, cikinsa sai ƙara kumbura yake yi. Ashe yana da kaba, hanjinsa ne ya maƙale. Da ƙyar aka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Mun gode wa Allah, ya tashi.

Saboda haka, in ƙullewar ciki ta zo da amai, ko kumburi, ko ciwo mai tsanani, ko jini, ko kuwa tusa ma ba ta fita, a ajiye tukunyar magani, a nemi mota zuwa asibiti ran nan. Haka kuma dattijon da cikinsa ya sāke hali, yana ta ramewa, ya je likita ya duba shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar kula da jikin da ya ba mu amana. Amin.