Idan Giyar Tsohuwar Mota Ta Yi Tauri

MGB ƙaramar mota ce mai gudu, wadda aka ƙera a Ingila daga 1962 zuwa 1980. Idan ta tsufa, giyarta takan yi tauri. To, kada a yi gaggawar kwance giyabos.

Da farko a kashe inji, a gwada sa giya. Idan ta shiga salin-alin, amma ta ƙi shiga in inji yana aiki, laifin kuloci ne. A duba mansa, wataƙila ya yoye ko iska ta shiga bututu.

Na biyu, a duba man giyabos. Ita MGB man inji mai lamba 20W-50 ake zuba mata.

Idan kuwa giya ɗaya ce kaɗai ke kartar haƙora, zoben da ke daidaita gudunsu ne ya cinye. Wannan aikin bakanike ne, domin galibi sai an ciro inji da giyabos tare.

A lura, waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 1967 giyarsu ta farko ba ta da wannan zobe. Sai mota ta tsaya cak ake sa ta.

Direba, kada ka tilasta wa giya. Ƙarfi ba ya gyara ta, sai dai ya karya haƙora.