Lebura ya faɗo daga bene: Wa zai biya, kuma me doka ta ce?

Daga Nima da Mamobi a Ankara zuwa Ashaiman, daga Aboabo ta Kumasi har Tamale, da wuya ka shiga gidan Zango ba ka tarar da mai ci da aikin gini ba. Wannan birkila ne, wancan kafinta, wani mai ɗaurin rodi, wani kuma leburan bai-de ne da ke fita bayan sallar asuba, ya yini yana hawa bene da kwanon sarki cike da kankare, a sallame shi da yamma. Da yawa daga cikin ƙananan 'yan kwangilar da ke ɗaukarsu aiki ma 'yan unguwa ne, sahu ɗaya ake tsayawa a masallaci.

Ranar da katako ya karye da yaro kuwa, kowa ya san yadda ake yi. A sa shi a tasi, a kai shi asibiti ko wajen maɗori. Masta ya zo dubiya da ɗan abin da ya samu a aljihu, ya ce, "Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba." Iyalin su amsa da "Ƙaddara ce, Masta, ba komai." A kewaya da kwano bayan sallar Juma'a. Bayan mako biyu an sa wani a gurbinsa, shi kuma yana kwance a ɗaki, kuɗin haya da na makarantar yara suna jiransa.

Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke musun ta. Sai dai akwai hakki a bayan wannan faɗuwa, kuma dokar Gana ta rubuta shi dalla-dalla, har da lissafi.

Haɗarin da ba ya shiga labarai

Mutanen Ankara ba su manta da 7 ga Nuwamban 2012 ba, ranar da benen kantin Melcom ya rufta a Achimota, mutum 14 suka rasu. A watan Oktoban 2020 ginin wani coci ya rushe a Akyem Batabi ta yankin Gabas, fiye da mutum 20 suka mutu. Irin waɗannan su ne ke jawo 'yan jarida da ministoci. Amma kafintan da ya zame daga rufin kwano, ko mai ɗaurin rodin da ƙarfensa ya taɓa wayar lantarki, ko mai haƙar sokawen da ƙasa ta rufta masa, babu kyamarar da ke zuwa kansu. Ɗaya bayan ɗaya suke faruwa, shi ya sa ba a ganin yawansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta taɓa ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa duk shekara a wuraren gini a faɗin duniya, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane minti goma.

Abin da dokar diyya ta tanada

Dokar diyyar ma'aikata ta 1987, wadda aka fi sani da PNDCL 187, ta ɗora nauyi a kan wanda ya ɗauki mutum aiki. Muddin rauni ya samu ma'aikaci saboda aikin kuma a bakin aikin, uban aiki ne zai biya, ba sai an tabbatar ya yi sakaci ba. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a idon wannan doka, kuma ɗan koyon sana'a yana ciki.

Ga yadda lissafin yake. Kuɗin magani na uban aiki ne. Idan raunin ya hana mutum aiki na wani lokaci, ana biyansa a kai a kai har zuwa wata 24. Idan ya nakasa gaba ɗaya, ba zai ƙara iya neman abinci ba, diyyarsa albashin wata 96 ne. Idan wani sashe ne ya nakasa, kamar yatsa ko ido ko ƙafa, likita ne ke auna kashi nawa cikin ɗari, a biya gwargwado. Idan kuwa rai ya yi halinsa, iyalin da suka dogara da shi suna da albashin wata 60.

A ce lebura yana karɓar sidi 80 a rana, yana aikin kwana 25 a wata. Sidi 2,000 ke nan. Wata 60 ya kama sidi 120,000, wata 96 kuma sidi 192,000. To, jama'a, a auna wannan da abin da ke taruwa a kwanon masallaci.

Amma akwai wa'adi, kuma nan ne mutanenmu ke yin asara. Dole a sanar da uban aiki haɗarin cikin wata shida, a kuma nemi diyyar cikin wata shida. Idan rasuwa ce, wata shidan yana farawa daga ranar rasuwar. Kunya da kara, da "bari ya warke tukuna", da "bari a yi sadakar arba'in", su ke cinye wannan lokaci. Ofishin Ƙwadago na gwamnati da ke yankinku ne ke karɓar rahoto, ya nemi rahoton likita, ya yi lissafi. Wanda aka wuce da shi wajen maɗori kai tsaye ba shi da takardar likita ko ɗaya da zai nuna. Ko da gida za a koma ɗori, a fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoton ƙashi, a adana kowace takarda da kowane rasit.

Wani zai ce ai yana da katin NHIS. Madalla, katin zai taimaka wajen jinyar gaggawa. Amma ba ya sayen ƙafar roba, ba ya kuma biyan kwanakin da mutum ya yi a kwance babu aiki.

Hular kwano ba kyauta ba ce

Dokar Ƙwadago ta 2003, doka mai lamba 651, ta zo da nata sharuɗɗan. Sashe na 118 ya wajabta wa uban aiki ya samar da kayan kariya ba tare da ya cire ko fesuwa ɗaya daga kuɗin ma'aikaci ba, ya kuma koya masa amfani da su. Sashe na 119 ya ba ma'aikaci damar janye jikinsa idan ya ga haɗari na gab da afka masa, kuma ba a korarsa saboda haka. Sashe na 120 ya ce uban aiki ya kai rahoton haɗari ga hukuma cikin kwana bakwai.

Dokar ba ta bar lebura haka nan ba. Wanda aka ba kayan kariya ya ajiye su don wai zafi, sannan ya ji rauni saboda wannan kawai, ya sauke wa uban aiki nauyi. Haka nan dokar diyya ba ta biyan haɗarin da maye ya jawo. Samarin da ke haɗiyar tiramol don su jure ɗaukar kankare daga safe zuwa dare su ji wannan da kyau: ƙwayar tana gusar da hankali a kan tsani, sannan ta gusar da diyya.

Shi ma ɗan kwangila yana cikin haɗari

Babban kamfani mai lauyoyi zai iya biyan sidi 120,000 ya ci gaba da harkarsa. Ƙaramin ɗan kwangilar Zango mai injin kwaɓa kankare ɗaya da tsohuwar fikof fa? Haɗari ɗaya ya isa ya sayar da duk abin da ya tara cikin shekara ashirin. Amfanin inshorar diyyar ma'aikata ke nan: kana biyan kuɗi kaɗan da ka sani, kamfanin inshora ya ɗauki babban da ba ka san ranar zuwansa ba.

Kamfanin zai tambayi yawan ma'aikatanka, irin aikin da suke yi, da jimillar abin da kake biyansu. A kan wannan jimilla ake yanka kuɗin, kuma na mai hawa rufi ya fi na mai fenti a ƙasa tsada. Abu huɗu ne ya kamata ɗan kwangila ya kula da su. Na ɗaya, ya tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, wadda ke da sashen karɓar ƙorafi idan an ƙi biya. Na biyu, ya tambaya ƙarara ko takardar ta haɗa da 'yan bai-de da ke sauyawa kullum, a rubuta masa amsar. Na uku, kada ya rage yawan mutane don kuɗin ya sauka, domin ranar biya ƙaryar za ta fito. Na huɗu, ya san cewa inshorar da ke kare ginin kansa da kayan aiki daban take da ta jikin ma'aikata, sai an nemi kowacce.

Ya kuma ajiye littafi ɗaya a wurin aiki: sunan kowa, lambar wayarsa, ta wani ɗan'uwansa, ranar da ya zo da abin da aka biya shi. Littafin sidi goma ne, amma shi ke raba gardama.

Masu ginin kasuwanci kuwa, tun dokar inshora ta 2006 aka haramta fara gina shaguna, otal ko makamantansu ba tare da inshorar da ke kare ma'aikata da masu wucewa ba. Dokar 2021 mai lamba 1061 ce ta maye gurbinta, kuma wajabcin yana nan. 'Yan'uwanmu da ke Jamus, Amurka ko Saudiyya suna turo kuɗi a yi musu gini, su riƙa tambayar wannan kafin su tambayi farashin tayil. Idan ɗan kwangila ya sa kuɗin inshora da na kayan kariya cikin lissafinsa, kada a ce ya cika tsada a koma wajen wanda ya cire su.

To, inshora ta halatta?

Wannan tambaya ce ke tsayar da mutane da yawa a Zango, kuma tana da tushe. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana da garari, ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979, Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Malamai da dama sun yi rangwame inda doka ta tilasta ko lalura ta matsa, kuma mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Amma saɓanin a kan hanyar biya yake. Shi hakkin wanda aka jawo wa rauni babu saɓani a kansa. Musulunci ne ya sa diyyar rai raƙumi ɗari, ya yanka wa ido da hannu da yatsa nasu kason, ya kuma raba nauyin kisan kuskure a kan dangi don kada ya karya mutum ɗaya. Wanda ya ƙi inshora saboda tsoron Allah, to tsoron Allahn ya sa ya ware kuɗi daga kowace kwangila, ko shi da abokan sana'arsa su kafa asusu mai rubutattun ƙa'idoji. Mu da muka iya adashi, wannan ba zai gagare mu ba. Shi ma mai sana'ar kansa zai iya shiga SSNIT, wadda tun 2023 take neman masu aikin hannu su yi rajista, kuma tana da fanshon nakasa ga wanda ya cika sharuɗɗan zubi.

Rigakafi ya fi magani

Babu diyyar da ke mayar da ƙashin baya. Yawancin abin da ke kashe magina kuwa sananne ne, maganinsa ma ba tsada.

Dakalin da ake hawa, na gora ne ko na katakon wawa, a duba shi kowace safiya, a sa masa makari a gefe da zarar ya kai mita biyu. Tsani a ɗaure kansa, a ja ƙafarsa baya mita ɗaya ga kowane mita huɗu na tsayi. Mai aikin rufi ya ɗaura igiyar tsaro a abin da zai iya riƙe shi. Kafin a ɗaga rodi a dubi sama, idan waya na kusa a kira ECG ko NEDCo. Ramin da ya wuce ƙugu a tokare bangonsa, kada kuma a tara ƙasar a bakinsa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa, don haka kada gaggawar mai gida ta sa a cire tokaran dakin kafin injiniya ya ce a cire. Cikin azumi a kai aiki mai nauyi sassafe ko bayan shan ruwa, domin jiri a hawa na uku ba wasa ba ne. Wanda ya faɗo daga sama kuma kada a naɗe shi a cusa a tasi. A bar wuyansa da bayansa a miƙe, a kira 112.

Sarakunan Zango da limamai suna da rawar takawa. Su ake kira sasanci idan abu ya faru, kuma sau da yawa sasancin yana ƙarewa ne da "a yi haƙuri". Haƙuri ibada ce, yafiya ma alheri ce, amma sai mutum ya san abin da yake da shi sannan yafiyarsa take zama yafiya. Kafin a ce wa matar mamaci ta bar wa Allah, a fara gaya mata cewa albashin wata 60 hakkinta ne da na marayunta, kuma wata shida kawai gare ta ta nema.