Aikin da ba a raba ba, a kan wa yake faɗawa a babban gida?

Bahaushe ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Shi ya sa idan aka ga gida mai mata biyu ko uku, da 'ya'ya goma sha, ga ƙannen maigida ga 'yan riƙo, sai a ɗauka aiki ba ya kwana a cikinsa. Wanda ya san tsakar gida ya san ba haka abin yake ba. Yawan jama'a yana ƙara hannu, amma yana ƙara kwanuka da wanki da jarkokin ruwa, sannan yana ba kowa ƙofar zamewa da tunanin ai wani zai yi. Aiki kuwa ba ya ɓacewa don an ƙi raba shi. Gangarawa yake yi har sai ya tsaya a kan wanda ba shi da bakin cewa a'a: babbar 'ya mace, ko yarinyar da aka ɗauko riƙo daga ƙauye, ko 'yar aiki, ko almajirin da ke zuwa karɓar ɗumame. Gidan da bai zauna ya raba aikinsa ba, ya riga ya raba shi, sai dai rabon zalunci ya yi ba tare da ya sani ba.

Maganar ta shafi mafi yawanmu. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6, a Jihar Katsina 7.3, alhali a Legas 3.4 ne. Irin wannan bincike a Nijar a 2012 ya samu 7.6. A ƙara da auren mace fiye da ɗaya da al'adar riƙo, sai a ga babban gida shi ne gidan da aka saba da shi a ƙasar Hausa. Game da wanda ke ɗauke da nauyin, asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da rahoto a 2016 cewa a duniya baki ɗaya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna shafe lokacin da ya ɗara na 'yan'uwansu maza da kashi 40 cikin 100 wajen aikin gida. Hukumomin Majalisar sun kuma ja layi: yaro mai waɗannan shekarun da ke yin aikin gida na awa 21 ko fiye a mako, ana lissafa shi cikin yaran da ake bautarwa. Awa 21 a mako awa uku ce a rana. To, a bi yinin yarinya 'yar shekara goma sha biyu a gidan yawa. Ta tashi da asuba ta hura wuta, ta ɗora ruwan wanka, ta wanke kwanukan tuwon jiya da suka bushe, ta share tsakar gida, ta yi wa ƙanne biyu wanka, ta ruga kai niƙa, sannan ta sa kayan makaranta ta isa bayan an gama taron safe, a tare ta a bakin ƙofa da bulala. Ta dawo da azahar wanke-wanken rana na jiranta. Bayan Islamiyya ga tankaɗe da gyaran ganye da goyo. Awa ukun ta cika tun kafin la'asar. Likitocin barci suna cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, ita kuwa ita ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce ta farkon tashi. Idan ta yi gyangyaɗi a aji a ce ba ta da ƙoƙari, daga nan a ce ai karatun ma ba ya shigarta, gara a aurar da ita.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne, tsarin rabon aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. A duba rabon girki. A gidan mata da yawa ba a tambayar wa zai dafa yau, domin kowa ya san mai girki, ya san kwana bibbiyu ne ko ɗai-ɗai, ya san a hannun wa maigida zai damƙa cefane, ya san ranar da za ta fita ta huta ta kama sana'arta. A duba gandu kuma, wanda masu bincike irin su Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta fitar da littafinta a 1972, suka bayyana dalla-dalla: 'ya'ya da ƙanne su yi wa gandu aiki da safe, in rana ta yi su tashi, yamma ta zama tasu su nufi gayaunarsu. Hikimar tsarin biyun ɗaya ce. Kowane aiki yana da mai shi, yana da lokacin farawa, yana kuma da lokacin tashi. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa. Mai girki tana fita girki, ɗan gandu yana tashi daga gandu, amma yarinyar da ke wanke-wanke ba ta da ranar fita, domin ko girkin wa ake yi ita ake ƙwala wa kira. Kakanninmu sun tsara tukunya da gona don su ne ke haddasa rigima tsakanin manya. Ruwa da shara da wanki da raino da aike an bar su ba tsari, don waɗanda ke yin su ba su isa su yi rigima ba.

Cikin waɗanda aka bari, raino ya fi haɗari. Yaron da ya fara rarrafe ko tafiya a babban gida ana ganin yana gaban idon kowa, uwarsa ta ɗauka yana wurin yayarsa, yayar ta ɗauka yana ɗakin kaka, shi kuwa yana bakin rijiyar da aka bari a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nitsewa a ruwa, kuma ba sai an je kogi ba, bahon wanki da bokitin da aka tara ruwa saboda famfo ba ya zuwa sun isa. Haka tukunyar ruwan zafi da aka sauke a ƙasa, da kalanzir ko fetur da aka zuba a robar lemo, da maganin ɓera a bayan ƙyaure. Ga kuma hayaƙin murhu, wanda hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida daga girki da icce da gawayi da makamantansu ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Goyon da ke bayan mai tuƙa tuwo yana shaƙar abin da take shaƙa. Saboda haka a kowane lokaci na yini ya kamata a san sunan mutum ɗaya da yaro ke hannunsa, kuma kada mutumin ya zama mai girki, kada ya zama yaro ɗan shekara shida da shi kansa yake bukatar mai kula.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Maigida da matansa su zauna su lissafa ayyukan gidan baki ɗaya, har da waɗanda ba a ɗauka aiki ba, kamar zubar da shara, wanke banɗaki, cika randa da kai yara makaranta. A raba su bisa shekaru da ƙarfi, maza da mata, a riƙa juyawa duk mako don kada wani ya dawwama a kan mafi muni. Ba sai an nemi agogo ba, lokutan salla sun riga sun yanka mana yini: abin da za a gama kafin fitowar rana, abin da ke tsakanin azahar da la'asar, abin da dole ya ƙare kafin magariba. A keɓe lokacin bitar karatu da na barci, a hana kowa taɓa su, har da manya. Sai aike, babban ɓarawon lokacin yara. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan da ke cikin kulle suka dogara da yara wajen saye da sayarwa da isar da saƙo, kuma har yau yaro shi ne ƙafar uwarsa. Ba wanda zai ce a daina aike. Amma a tura yaro sayen magi, ya dawo a tura shi sayen gishiri, ya dawo wata ta tura shi sayen omo a shago ɗaya, wannan rashin shawara ne tsakanin manya. A tara aike a yi shi sau biyu a rana, kuma a daina aiken yarinya bayan isha'i.

Za a ce ai tarbiyya ce, 'ya mace gidan wani za ta, in ba ta iya aiki ba uwarta za a zaga. Akwai gaskiya a ciki, yaron da bai saba da aiki ba ya cutu. Sai dai koyo daban, bauta daban. Yarinyar da ta wanke kwanuka na wata uku ta iya wanke-wanke, shekara bakwai da za ta ƙara a bakin magudana ba sa ƙara mata komai. Mai koyarwa yana ciyar da ɗalibi gaba ne, daga shara zuwa girki, daga girki zuwa lissafin cefane da sarrafa hatsin wata. Kuma gidan mijin da ake shirya ta dominsa, a yau yana bukatar macen da za ta karanta takardar asibiti, ta auna maganin yaro, ta duba littafin makarantarsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna moriyar aikinsu kawai, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'yan taru don kai ilimi ga mata har cikin ƙauyuka. Wanda ya hana 'yarsa karatu da sunan tarbiyya ba gadon magabata ya riƙe ba.

Za a kuma ce namiji ba ya wanke-wanke, abin kunya ne, zai lalace. A leƙa titi a gani. Mai shayi namiji ne, kuma shi ke wanke kofunansa. Mai tsire namiji ne, mai wanki da guga namiji ne, ɗan ga-ruwa namiji ne, masu dafa abinci a manyan otal mafi yawansu maza ne. Ɗalibin da ya tafi jami'a a Zariya ko Sakkwato, ranar farko zai gane cewa ba mai wanke masa riga. Ke nan aikin ba ya zama abin kunya sai idan uwa ko ƙanwa ce za ta samu sauƙi. A ɓangaren addini kuwa, ya tabbata a cikin Bukhari daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar da ke zaune a dakali yana latsa waya, ƙanwarsa 'yar shekara tara na fama da jarka mai lita 25, ba mazantaka ake koya masa ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kishi. Kowace mace tana kare 'yan ɗakinta, kuma da zarar an ce ɗan wance ya wanke kwanon da 'ya'yan wance suka ci, magana ta tashi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa rabon ba zai yiwu ba in maigida ya tsame hannunsa ya ce harkar mata ce. Uwargida ita kaɗai in ta raba, za a ce ta yi son kai ko da ta yi adalci. Dole a yanke shi a gaban kowa, a bi shekarun yara ba ɗakin da suka fito ba, in da mai rubutu a rubuta a manna a bango don kada gobe a yi musu. Nan ne kuma ake gane matsayin yaron da uwarsa ba ta gidan, wanda aka saki uwarsa ko ta rasu, da 'yar riƙo, domin su ba su da mai tsaya musu sai shi maigidan. Idan aikin ya fi ƙarfin mutanen gida, malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, sun ɗora wa miji mai wadata samar wa matarsa mai hidima. Amma mai hidima babba ake nufi, mai lada sananne da lokacin hutu. Ɗauko yarinya 'yar shekara goma daga ƙauye ta hannun dillaliya, a biya kuɗin ga wasu, ita ta kwana a kicin, matsar da zaluncin ne daga 'yar gida zuwa 'yar wani. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, ba ta ware 'yar aiki ba.

Ko tsarin ya kafu, akwai lokutan da yake rushewa, kuma an san su tun kafin su zo. Mace ta haihu ta shiga jego, girkinta da aikinta na kwana arba'in suna neman mai ɗauka, ga dafa ruwan wanka safe da yamma. Azumi ya kama, girki ya koma sau biyu cikin dare, yara na tashi sahur su wuce makaranta. Damina ta sauka, maza sun koma gona, ɗiban ruwa da icce sun dawo kan mata. Jarrabawa ta matso, mai rubuta ta yana bukatar a sauke masa rabin aikinsa na 'yan makonni, ko mace ce ko namiji. A kowanne daga cikinsu, in ba a sake zama an raba ba, aikin zai koma inda ya saba komawa. Mafi sauƙi shi ne a ɗaura zaman da abin da ba a mantawa: farkon kowane zangon karatu, makon ƙarshe na Sha'aban, da watan da mai ciki ta shiga na haihuwarta.